Takardar da ke cikin rediyon Baba

Jama'a, yau Baba ya kama ni, shekara tara bayan rasuwarsa!

Kun tuna rediyonsa mai agogo, wanda ke tashin mu da labarun safe? Jiya na je Kebbe gaida Inna, na tsince shi a ƙarƙashin gadonta. Yau na kai shi Tambuwal wurin Malam Ɗanjuma mai gyara.

Yana buɗe gidan batir, sai ga takarda a ninke, an tokare batir da ita. Ya miƙo mini. Na warware. Wallahi sakamakon jarrabawata ne na aji fuɗu! Na talatin da ɗaya cikin mu talatin da uku! Wanda na cusa a jinkar ɗakin awaki, na ce wa Baba malam bai raba ba.

Malam Ɗanjuma ya kankare tsatsa, ya liƙa waya ɗaya, ya sa sabon batir. Agogo ya tashi, rediyo ya kama magana.

Nan take na kira Inna, na ba ta labarin takardar. Ta yi dariya har da tari.

Ta ce, "Bello, ai tun satin da ka ɓoye ta yag gane ta, yana gyaran jinka."

Na ce, "Inna, bai taɓa ce mini komai ba!"

Ta ce, "Ni ma hana ni ya yi. Cewa ya yi, a bar yaron, kunya ta ishe shi. Amma duk canjin batir sai ya buɗe ta, ya yi murmushi, ya mai da."

Allah ya jiƙan Baba.