Kiran Ƙarfe Shida

A garinmu Tamarack Creek, can Dakota ta Arewa a Amurka, magulmaciya ɗaya tak aka taɓa yi, Orpha Tollefson. Haka dai muka yanke mata hukunci, mu salihan bayin Allah.

Manoma ne suka kafa kamfanin wayarmu, bayan babban kamfanin birni ya ce bai ga wanda zai ja wa waya a nan ba sai shanu. Iyayenmu suka fusata, suka haɗa gida-gida da wayar shingen gonaki. In kana magana ka ji ɗif, to bijimin wani ne ya sosa jiki da shinge. Daga baya aka kafa turaku, aka ajiye allon haɗa kira a falon wani ɗan gida na kamfani, aka zaunar da Orpha gabansa a 1921. Shekara talatin da takwas ta yi a kujerar nan.

Gida goma sha biyu ne a layi guda, kowa da irin ƙarar kiransa. Da an kira gida ɗaya, sauran sha ɗayan sai su ɗaga a hankali su toshe bakin wayar da tafin hannu. Har tarin junanmu mun haddace. Amma in sirri ya fita, to Orpha ce.

Ka murɗa hannun waya ka ce, "Orpha, ba ni likita." Sai ta ce, "Yana gidan su Hovland karɓar haihuwa, bari in kamo maka shi can. Kai kuma ka rage cin kitse."

Akwai wani tsohon tuzuru, Vaclav Kubicek, shi kaɗai a gona mil tara daga gari. Kullum da sassafe sai ya murɗa.

"Orpha, ƙarfe nawa?"

"Shida, Baba Vaclav. Agogunan naka uku duk sun mutu ne?"

"Ban yarda da su ba. Ke ma ɗin don ba yadda zan yi ne."

Ranar da bai kira ba, ta tura maƙwabci, aka same shi ƙarƙashin tsani da karyayyen ƙugu. Godiyar da ya yi mata ita ce, "Kin cika shisshigi."

A 1959 shugaban kamfani, Elmer Stroud, ya tara mu a zauren makaranta kan sayen inji mai haɗa kira da kansa.

"Jama'a, injin nan ba shi da kunne, ba shi da baki!"

Aka ɗauki tafi. Waɗanda suka fi tafawa su ne waɗanda kunnensu ya yi kanta da wayar maƙwabta. Orpha ta miƙe.

"Elmer, injin naka zai san wanda bai kira ba?"

"Haba Goggo, wanda bai kira ba ai ba ya son magana ne."

Aka bushe da dariya, aka ɗaga hannu. Ni ma na ɗaga, har da miƙa shi sama sosai don a gani. Har yau in na tuna kunya ce ke rufe ni.

Muka yi mata walimar ban kwana da kek, muka ba ta kyautar agogon tebur, matar da ta tsufa tana faɗa wa gari lokaci. Gidan na kamfani ne, don haka ta tattara ta koma wurin ƙanwarta a birnin Fargo.

Cikin sanyin Fabrairu mai rabon wasiƙa ya ga akwatin wasiƙun Vaclav ya cika, ya leƙa cikin gidan. Kwana biyar ke nan da rasuwar tsohon. Yana kwance a ƙasan kicin da kan sabuwar wayar a hannunsa. Ya ɗaga ne kamar yadda ya saba, yana jiran a ce masa, "Wa zan ba ka?" Injin kuwa ya riƙe masa sirrinsa tsaf, kamar yadda Elmer ya yi mana alkawari.