Takardar Komawar Temwa

Lusungu Chirambo ungozoma ce a wani asibitin mishan da ke Rumphi, a arewacin Malawi. Shekara bakwai tana karɓar haihuwa kafin ta samu gurbin ƙaro karatu a Johannesburg. Lokacin mijinta bai cika shekara da rasuwa ba, 'yarta Temwa kuma tana shan nono. Ta yaye ta a gurguje, ta damƙa ta a hannun yayarta Towera, mai sayar da tumatir, wadda 'ya'yanta huɗu duk maza ne. Ta hau mota tana kuka har bakin iyaka.

Ɗaki ɗaya ta kama a unguwar Yeoville, hawa na uku. Ba ta yi wata biyu ba lambar wayarta ta zaga Rumphi kaf. Mutanen Rumphi kuwa ba sa tambaya ko akwai wurin kwana, sai dai ka ji sun ce sun taso. Kawunta ya zo ganin likitan ido. Matan coci sun zo saro barguna su biyar, suka jera a ƙasa kamar kifi a kan tire. Mijin wata ƙawarta ya zo neman aiki na mako biyu, ya share wata huɗu. Lusungu ta tarbo su a tasha, ta tuƙa musu tuwon masara, ta yi karatun jarrabawa a zaune kan matakala. Ba ta taɓa ɗaure wa kowa fuska ba, domin duk wanda ya zo yakan kawo mata labarin Temwa: ta yi tsawo, ta iya surutu, an gan ta a kasuwa goye a bayan Towera.

Wannan na ƙarshen ne ke tsaya mata a rai.

A shekara ta uku Towera ta ce za ta zo da yarinyar, su yi kwana tara. Lusungu ta aika musu takardar izinin shigowa da yaro ta hannun wata mai barguna. Ta wanke labule, ta sayi 'yar tsana da jan takalmi, ta gaya wa duk mai niyyar zuwa cewa ɗakin ya cika.

Motar ta iso da hantsi bayan kwana biyu a hanya. Towera ta sauko da ƙullin busasshen kifi a ka, ga wata 'yar siririyar yarinya maƙale da zanenta. Lusungu ta durƙusa ta buɗe hannu. Yarinyar ta koma bayan Towera ta ɓuya.

"Mama, wace ce wannan?"

Ba da Lusungu take ba. Towera ta yi dariya ta ce gajiya ce, a bar ta ta huta.

A ɗaki aka gwada takalmin. Ko kafin a sa, Towera ta juya shi ta ce, "Wannan ai na bara ne. Ƙafarta irin ta babanta ce, ba ta jiran kowa."

Haka kwanakin suka tafi. Lusungu ta zuba tuwo, Temwa ta ƙi ci sai Towera ta mulmula loma ta hura mata. Lusungu ta ɗauko mataji, yarinyar ta kai kanta cinyar Towera. Idan ta yi tuntuɓe, sunan da ke fita bakinta sananne ne. Lusungu ta yi ta kallo, kishi yana cin ta, kishi na gaske, irin wanda mutum ke jin kunyar faɗa. Komai na yayarta ya fara ba ta haushi: dariyarta mai ƙarfi, fason dugaduganta, har yadda take kiran yarinyar "uwata". Ta san ba ta da gaskiya. Sanin bai rage komai ba.

Ranar Laraba wajen wanka ta ga tabo a gwiwar Temwa, dogo, da alamar ɗinki uku.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Kwalba ta taka ta faɗi a kai. An daɗe."

"An yi wa 'yata ɗinki ba a gaya mini ba?"

"Kina cikin jarrabawa. Da na faɗa miki me za ki yi, ki ɗinke ta daga nan?"

Daga ranar Lusungu ta tuna abin da ke hannunta. Takardar da ta aika ta shigowa ce kawai. Kafin Towera ta tsallake iyaka da yarinyar da ba ita ta haifa ba, sai uwar ta rubuta wata, ta sa hannu a gaban 'yan sanda an buga hatimi. Motarsu ta Asabar ce. Ranar Alhamis Lusungu ta ce tana da lacca. Ranar Juma'a da safe ta ce layi ya yi tsawo, alhali ko hanyar ba ta bi ba.

Towera ba yarinya ba ce. Ta ajiye kofin shayinta.

"Ke Lusungu, ni na goya ki. Faɗi abin da ke ranki."

"Zan riƙe 'yata."

"A ina? A nan, tsakanin kawu da masu barguna? Wa zai zauna da ita in kin tafi asibiti?"

"Ni na haife ta, Yaya. Ke kina da huɗu. Ɗaya tak gare ni, ita ma kin haɗa."

Towera ta daɗe tana kallonta. Idonta ya kawo ruwa, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"To. Taki ce. Ba ta shan shayi da yamma, fitsarin kwance take yi. Tana tsoron kare. In ta yi shiru da yawa ki taɓa wuyanta, zazzaɓinta ba ya sallama." Ta ɗauki jaka. "Zan je saro barguna. Ga ki ga ta."

Da za ta fita ta raɗa wa yarinyar wani abu a kunne, ta ja ƙofa.

Lusungu ta shirya wa kuka, amma Temwa ba ta yi ba. Ta zauna a bakin gado, ta haɗa gwiwoyi, yadda ake koya wa yara zama a gidan mutane. Aka ba ta biskit ta karɓa da hannu biyu ta ce ta gode. Wannan ladabin ya fi kukan ciwo.

"Temwa, kin san ni kuwa?"

"Ke ce Anti mai ɗaki."

"Ina mamanki?"

"Biyu gare ni," in ji ta, tana ɗaga yatsu. "Mama ta tafi kasuwa. Ɗayar tana cikin wayar Mama. Ran Lahadi take zuwa, ta yi mini waƙa. Ita ce ta haife ni, tana karatu mai wuya." Ta ɗan yi tunani. "In mun koma gida zan ba ta labarinki."

Wayar Towera ƙarama ce, murya kawai take kaiwa. Kowace Lahadi bayan coci Lusungu takan kira ta yi wa 'yarta waƙa, ta yi muryar akuya da ta zakara. A kwana takwas ɗin nan kuwa ko sau ɗaya ba ta yi waƙa ba. Tana can tana ƙirga lomar da Towera ke bayarwa. Ta buɗe baki za ta fara yanzu, sai ta fasa. Ashe duk Lahadi Towera ce ke zaunar da yarinyar ta ce mata ga wadda ta haife ta.

Kafin la'asar Lusungu ta goya Temwa, wadda ta yarda saboda ladabi, suka je ofishin 'yan sanda. Mutum uku ne a layi.

Ranar Asabar ta raka su tasha. Ta miƙa wa Towera takardar ba tare da ta dube ta ba, Towera ta soke ta a rigar mama. Temwa ta ɗaga wa Anti hannu ta taga.

Washegari da rana Lusungu ta kira, suna wani gari a hanya an tsaya cin abinci. Ta ji Towera tana cewa, "Zo, ga ta nan," sai ga muryar yarinyar a sake, da ɗoki, irin wadda ba ta ji ba ko sau ɗaya a ɗakinta.

"Mama! Mun je wani gari mai dogayen gidaje. Mun kwana a ɗakin wata Anti. Tana da kirki, amma ba ta dariya. Mama, me ya sa ke ba ki zo ba?"

Lusungu ta zauna a kan matakala, ta share fuska da bakin zane.

"Zan zo," ta ce. "Wace waƙa kike so?"