Dariyar Ishaƙu da Shanun Baffa Ladan

Ranar da na fara jin dariyar Ishaƙu ina bayan ɗan kabu-kabu ne, muna gab da shiga Korgom. Sai na ji wani abu ya ce ƙwaaa! Na ɗauka taya ce ta fashe. Ban tsaya shawara da kowa ba na dire, na sauka zaune daram cikin ƙarangiya. Mai moto ya waiwayo ya dube ni, ya ce, "Tashi, Alhaji, ba komi. Fim ne ya yi kyau."

Ishaƙu mutumin Maijirgi ne, aikin amalanke ya kawo shi Korgom har ya yi gida. Allah bai ba shi tsawo ba, bai ba shi dukiya ba, sai ya tara masa rabonsa duka a maƙogwaro. Ko lakkwal, wato makarantar boko, dariyar ce ta fitar da shi. Mushe, wato malaminsu, ya yi tuntuɓe da bokiti da hantsi, Ishaƙu ya fara, aka kora shi bayan aji ya je ya ƙarasa, har aka tashi bai ƙarasa ba. Washegari aka ce ya ƙarasa a gida. Jakinsa kaɗai ya saba da ita, shi ma kunnensa ɗaya a kwance yake har yau.

Misbahu mai gidan kallo shi ya fara gane cewa wannan abu sana'a ce. Gidan kallon rumfa ce ta zana da kwano a bakin kasuwa, da tele babba, da injin wuta mai shan isansi kamar raƙumin da ya dawo daga tafiya. Misbahu ya lura duk ranar da Ishaƙu ya shiga, rumfar cika take, don mutane daga rumfar mahauta suke jiyo shi su taho. Sai ya yafe masa kuɗin ƙofa har abada, ya ba shi benci na gaba.

Tun daga nan Korgom ta daina tambayar sunan fim. Tambayar ɗaya ce: "Ishaƙu ya yi?" In kafaɗa kawai ya girgiza, fim ɗin ba ya kwana. In ya bugi cinya, zai ga kasuwa mai zuwa. In kuwa ya faɗo daga benci, to mata masu gyaɗa a bakin ƙofa su ƙara itace. Kuma ba a sayensa. Wani ya taɓa ba shi tsire don ya taimaki fim ɗinsa, Ishaƙu ya ci tsiren, ya yi iya ƙoƙarinsa, abin da ya fito tarin akuya ne.

Mutum ɗaya ne a duniya bai taɓa ganin haƙoransa ba: Baffa Ladan, mahaifin matarsa Shamsiyya, Bafillacen da kunya ta dafa shi tun yana goye. Tun da aka ɗaura auren Ishaƙu bai ci a gabansa ba, bai sha ba. In ya hango malafar Baffa a hanya, takalmi yake cirewa ya durƙusa, ya yi fuskar mai zaman makoki.

Ana nan sai ga Muddassir daga Tasawa, matashi mai gilashi, ya haɗa fim ɗin barkwanci a kan wani magidanci da ragon suna ya ƙi rabuwa da shi, har masallaci yake bin sa. Masu gidajen kallo na Mayahi suka ce masa ba su karɓa sai sun ji abin da Ishaƙu ya yi. Muddassir ya iso Korgom yana ta bayani: wannan fim ne na iyali, yaro da babba, uba da ɗa, a zauna tare a yi dariya tare.

"Tare?" in ji Misbahu.

"Tare ƙwarai. Haka ake yi a ko'ina."

Don ya tabbatar da maganarsa, sai ya tura amalanke ta kwaso dattawa kyauta ran kasuwa bayan la'asar. Da ya ji cewa ɗaya daga cikinsu surukin Ishaƙu ne, murna ta kama shi. Da hannunsa ya kamo Baffa Ladan ya zaunar da shi a benci na gaba, kafaɗa da kafaɗa da mijin ɗiyarsa.

Ishaƙu ya cire takalmi a zaune. Ya san abin da ke gabansa. In ya saki, ya zubar da mutuncinsa gaban uban Shamsiyya, ba ruwan da zai wanke shi. In ya riƙe, fim ya mutu a hannunsa, kuma gobe za a ce maƙogwaron Ishaƙu ya tsufa, a ba wani bencin.

Aka kunna. Rago ya bi mai gida cikin shagon aski ya tsaya a layi. Rumfa ta yi tsit, don ba mai kallon tele, kowa ƙeyar Ishaƙu yake kallo. Ƙeyar kuwa gumi take. Rago ya cinye takardar likita. Ishaƙu ya cusa hularsa a baki. Ya tuno kakarsa da ta rasu, ya tuno shekarar fara, ya tuno ciwon haƙori. Ragon ya hau moto. A waje mata suka fara zare itace daga murhu, Muddassir ya cire gilashi ya goge ya mayar, ya sake cirewa.

Can sai Ishaƙu ya ji benci yana rawa. Ya danne cikinsa, ya daina numfashi, benci bai daina ba. Ya saci kallo ta wutsiyar ido. Baffa Ladan ne. Ya ja malafa har hanci, ya rungume sandarsa, jikinsa na kaɗawa kamar kara a iska.

Tsohon ya miƙe a hankali. Bai dubi kowa ba, ya ce wa zana, "Bari in duba shanu."

Ko saniya ɗaya bai zo da ita ba, a amalanke aka kawo shi. Ya zaga bayan rumfa, sai aka jiyo wata ƴar siririyar ƙara kamar buta ta tafasa. Ishaƙu ya tofar da hula. Abin da ya tara tun farkon fim ya fito gaba ɗaya, kwano ya amsa, shi da benci suka kife, rumfa ta ɗauka.

Ana cikin haka malafa ta leƙo. Ishaƙu ya haɗiye sauran, ya gyara benci, ya zauna. Baffa ya zauna. Rago ya shiga ofishin mai gari. Wannan karon Ishaƙu ne ya miƙe, ya ce wa ƙasa, "Jakina ban ɗaure shi da kyau ba."

Haka suka yi ta yi, in wannan ya je shanu ya dawo, wancan ya je jaki. Kafin a kai tsakiya sauran jama'a sun ɗauki darasi, don rabin rumfar surukan rabin ne. Masu shanu su fita, masu jakuna su yi dariya a ciki. Masu jakuna su fita, dattawa su ɗan saki ciki ƙarƙashin rawani. Ƙofar Misbahu ba ta taɓa shan wahala irin ta ranar ba.

Da aka tashi sai aka gano ba wanda ya ga fim ɗin duka. Kowa rabi ya gani, kuma ba ya iya tambayar mai ɗayan rabin. Washegari suka dawo, dattawan ma wannan karon da kuɗinsu, kowa na neman abin da ya wuce shi. Amma da yake ragon a wuraren jiya yake sake ba da dariya, sai kowa ya sake fita a inda ya fita jiya. Fim ɗin ya kai har bayan girbi. Mutanen Mayahi suka aiko a kai masu, suka fasa ƙofa ta biyu a rumfunansu. Muddassir ya koma Tasawa yana faɗa wa mutane cewa dama haka ya tsara.

Ishaƙu har yau bai san yadda aka ƙare da ragon ba, ƙarshen kullum a rabon Baffa yake faɗowa. Kwanan baya na same shi yana ɗora buhunan gyaɗa, na ce bari in yi masa alheri. Na tsaya na ba shi labarin ƙarshen daki-daki, na yi muryar mai gida, na yi kukan rago, har da tafiyarsa na gwada. Ya tsaya da buhu a kafaɗa yana kallona. Ko kafaɗar ba ta motsa ba.

Na ce, "Kai Ishaƙu, ko tarin akuyar ba ka yi mini?"

Ya sauke buhun ya ce, "Alhaji, da kai ka yi fim ɗin nan, da ni da Baffa mun zauna har ƙarshe, ba wanda zai je duba komi."