Magaryar Inna Zubaidatu

A unguwar Liman Abaji, idan mace ta rasu, gidan Inna Zubaidatu ake fara aikawa. Ita ke yi wa mata wankan gawa, aikin da ta gada wajen kakarta. Magaryar da ke tsakar gidanta ce ke ba ta ganyen da take dakawa ta zuba a ruwan wankan.

Sannu a hankali mutane suka haɗa bishiyar da mutuwa. Ba wanda ya taɓa faɗa mata, har ƙasa ake gaishe ta. Amma iyaye sun hana yara shiga gidan, idan magaryar ta nuna kuwa, sai 'ya'yan su zube su bushe ba mai tsinta. Inna kuwa ta gane. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna Abuja, gidan sai ita da tumakinta.

Ana nan sai Dokas, wata tela daga Sabon Gari, ta kama shago jikin katangarta. Tana da ƙaramin ciki, laulayi ya hana ta cin komai. Wata rana ta hango jajayen 'ya'yan magarya ta saman katanga, yawunta ya tsinke. Ta yi sallama ta shiga.

"Mama, a taimaka mini da 'ya'yan nan," in ji Dokas.

Inna ta ce, "Ba a gaya miki aikina ba?"

"An gaya mini. A ƙauyenmu mahaifiyata ce ke gyara gawa, kuma da hannun nan nata ta ciyar da mu."

Inna ta ɗauko gora ta kaɗa reshe.

Tsami-tsamin magaryar ya zauna wa Dokas a ciki. Daga nan Inna ta riƙa busar da 'ya'yan, ta daka, ta tankaɗe, ta dama mata kunu. Da Dokas ta ji ana shan jiƙon saiwar magarya don ciwon ciki, sai ta nema, amma Inna ta hana.

"Ba na mai ciki ba ne. Ki sha kununki, ki je awo asibiti."

Matan da ke jiran ɗinki suka fara sa hannu a kwanon Dokas. Fadimatu mai ƙosai ce ta fara shiga gidan da kanta, neman ganyen da za ta daka ta shafa wa 'yarta a maruru. Inna ta tsinko mata, ta kuma tsayar da ita hira har la'asar.

Har yau akwai masu kauce wa ƙofar gidan, Inna ba ta riƙe su a rai. Gwiwa ta fara damunta, don haka ta rage fita. Dokas ta haifi namiji, Nelson, ta kuma dawo da keken ɗinkinta zauren gidan, inda suke wuni tare.