Direban Auduga a Yankara

Ranar kasuwar Yankara, rana ta take, Barakatu tana dama fura a gindin tsamiya sai ga babbar mota shaƙe da auduga ta tsaya bakin hanya. Direban ya sauko a hankali, yana dafe da ƙugu. Dattijo ne siriri, jar ƙasar hanya ta rine masa furfura. Ba ta san shi ba, amma kantar tafin hannunsa ta nuna ya daɗe yana murza sitiyari. Ya karɓi ƙwaryar fura, ya zauna yana sha.

Can wata motar gyaɗa ta iso, matashin direbanta ya diro yana dariya. "Baba, ka ga yadda na wuce ka a kwanar can? Tafiyar hawainiya kake yi!"

Dattijon bai ɗaga murya ba. "Na gani. Na kuma ga motar fasinja da ta ɓullo gabanka. Da ban gangara gefen rami na ba ka hanya ba, da yanzu ana gina kaburbura."

Matashin ya ɗaga kafaɗa, ya nufi wajen masu tsire.

Barakatu ta raya a ranta, wannan dattijo ya sha kwasar gawa a hanyar nan, har baki ya gaji da faɗa. Da ya miƙe ta ce, "Allah ya kiyaye hanya, Malam."

"Amin. Ki sa yaron can a cikin addu'ar. Da sauran kwana-kwana a hanya kafin Funtuwa, kuma ba kowa zai kauce masa ba."