Inna Mai Bokiti da Ƙofar Ɗakin Jarirai

Jawo kujerar nan ka zauna, Bakwaini, wuyana ya gaji da ɗaga kai ina kallon tsawon nan naka. Tun da ka tambayi labarin ƙanwata, wadda kuke ce wa Inna Mai Bokiti, to ka saurara, don kai ma kana ciki.

Ni take bi. Tun muna yara ba ta iya ganin datti ta tsallake. Da mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku, sai ta samu aikin shara da goge-goge a asibitin unguwarmu. Shekara ashirin da shida tana jan bokiti. Ko bihim ba ta sani ba, kamar ni, amma kowa a asibitin nan ta takalminsa ta san shi, tunda kullum kanta a ƙasa yake.

Wata bakwai uwarka, 'yata, ta haife ka a asibitin nan. Da na leƙa na gan ka, na ce wannan ai ɗan tsako ne aka fige. Likita ya ce sanyi ne babban abin tsoro, ga shi kwalbar da ake sa jarirai biyu ce kacal, duk da masu su a ciki. Abin da ya rage, uwa ta ɗora ka a ƙirjinta, fata da fata, ta ɗaure da zani, ku yini a haka. Ya ce an daɗe da tabbatar da amfanin abin. Amma kwana huɗu, kullum aka ɗora ka a sikeli sai a ga ka ragu.

A lokacin akwai wata malama da ke yawo a asibitin da littafi. Ba ta allura, ba ta ba da magani. Na ce mata, "'Yata, ke wace irin ma'aikaciya ce?" Ta yi dariya, ta ce gwamnati ce ta ware musu kuɗin bincike, ba don su nemo sabon magani ba. Wai su gano me ya sa abin da aka riga aka sani yake maƙalewa a takarda, ba ya isa ga mai bukata. Na ce, "Ashe har wannan ma aiki ne."

Ta tambayi likita, ya ce ya koya wa nas-nas. Nas-nas suka ce sun gaya wa masu jego. Masu jego kuwa kowacce ta ce, "Muna yi." Da sun ji ƙarar takalminta sai kowa ta rarumi ɗanta ta manna a ƙirji, tana fita a sauke.

Ƙanwata ta san dalili, amma ta yi gum. Ka ga, dokar asibitin ce, in ta goge ɗakin jariran da safe da kuma bayan azahar, ta tokare ƙofa da bokiti a buɗe har ƙasa ta bushe, kada wani ya zame. Ɗakin ba iska, simintin ba ya bushewa da wuri. Ƙofar kuma tana kallon tagar karɓar magani, inda maza ke layi tun safe har yamma. Wace mace ce za ta zauna ƙirji a waje, mazan mutane na tsaye? Sai kowacce ta kwantar da ɗanta ta ja mayafi. Kunya kuma ta hana su gaya wa likita.

A bakin famfo ta raɗa mini. Na ce ta je ta faɗa wa malamar. Ta ce, "Yaya, so kike a ce bokitina ne ke cutar da 'ya'yan mutane, a kore ni? Wa zai ci da marayuna?" Na ce, "To, jikanki ne dai ke raguwa." Ta ci gaba da matse tsumman da ya riga ya bushe.

Washegari sai na gan ta ta tare malamar. Ta ce, "Ranki ya daɗe, ajiye littafin nan, ki zauna a gadon can ki kalli ƙofa." Malamar ta zauna. Ƙanwata ta tokare ƙofa yadda ta saba. Sai ga wani dattijo a layi sun haɗa ido da malamar, har ya ce mata, "Sannu, ya jiki?" Malamar nan ta ja gyale ta rufe ƙirji, alhali rigarta har wuya. Ɗakin duka aka sa dariya, har uwarka da ta kwana huɗu ba a ga haƙorinta ba.

Kafin la'asar an kawo wani allo mai ƙafa an girke a bakin ƙofa. Iska na shiga, ido ba ya shiga. Uwarka ta ɗaure ka a ƙirji, in za ta wanka ni in karɓe ka. Fitsarin da ka yi mini a ciki ba ya ƙirguwa, kuma har yau ba ka ba ni haƙuri ba. Kwana uku sikeli ya fara hawa. Mako uku aka sallame ku.

Ba a kore ta ba. Malamar ma ta riƙa tafiya da ita wasu asibitocin, wai ta duba musu. Ta dawo ta ce a wani wurin ba ƙofa ba ce, kujerun ne ba su da majingina, baya ke gajiya. Ta ce, "Yaya, ni ma fa yanzu mai bincike ce, littafi kawai na rasa." Na ce littafin ma a juye za ki riƙe shi.

Yanzu gwiwa ta sa ta ajiye aiki, tana kiwon kajinta hankali kwance. Bokitin yana nan, a ciki take jiƙa musu dusa. In ka je gaishe ta gobe, ka cire takalmi tun daga waje, ka san halinta. Kuma in ta ce ka sunkuya ta taɓa ƙirjinka ta ji ko da ɗumi, kamar sanda kake jariri, kada ka yi mata gardama. Ka sunkuya kawai.