Ranar da Manang Petring ta rasa yadda za ta jera benci

Tsohon ɗakin ibadar jami'ar ya haura shekara ɗari, kuma ba na kowace ɗarika ba ne. In ka tambayi ɗalibai mai shi, cewa za su yi na Manang Petring ne, wato Yaya Petring mai shara.

Shekara talatin da ɗaya tana share shi tana juya masa fuska. Lahadi da safe ta fito wa 'yan Katolika da mutum-mutumin Santo Niño, wato Yesu yana yaro, da kyandir. Kafin ƙarfe goma ta mayar da shi kabad, don mutanen Fasto Lumayag ba sa son ganinsa. Ranar Juma'a ta ja benci gefe, ta shimfiɗa wa Musulmin ɗaliban yankin Mindanao tabarmi a baranda. Ga ta da faɗa kamar me. Har shugaban jami'a ta taɓa kora waje saboda laka a takalmi.

Mijinta Doroy kuwa direban babur mai ƙafa uku ne, bai taɓa zama ɗan cocin kowa ba. Kullum sai ya ce, "Ke dai gaishe min da su duka." Da ya rasu, cocin unguwarsu ya yi ta jan ƙafa: ina takardar baftisma, wa ya san shi. Abin ya ci Petring ƙwarai. Tsoronta ɗaya, a binne Doroy babu mai yi masa addu'a.

Jami'a ta yarda a kawo gawar ɗakin ibadar. Da safe Petring ta tsaya a tsakiya rungume da Santo Niño, ta rasa inda za ta ajiye shi. Kowa ta san tsarinsa, na mijinta ne kawai ba ta sani ba. Rabin benci a jere, rabi a jingine, sai hawaye.

A haka Fada Quimpo na 'yan Katolika ya shigo, Fasto Lumayag na biye da shi.

"Wa ya kira ku?" ta ce.

"Ke wa ke kiran ki in za ki yi shara, Manang?" in ji Fada. Ya dubi Fasto. "Ni zan fara addu'a. In ka riga ni, sai shinkafar mutane ta huce."

"Fara mana, ai taka a rubuce take, ba ka da wahala."

Ɗaliban Mindanao suka zo su shida, suka ce ba za su shiga addu'ar ba, amma akwatin gawar a kafaɗarsu zai fita, don sau nawa Doroy ya kai su tashar jirgin ruwa cikin ruwan sama.

Petring ta juya za ta ɗauko tsintsiya. Fasto ya karɓi Santo Niño daga hannunta, ya ɗora shi a kan tebur da kansa.

"Manang, yau ba aiki kika zo ba. Zauna."

Ta zauna a bencin gaba, wanda ta goge sau dubu ba ta taɓa hawa ba. Fada ya buɗe littafi, ya kira sunan Doroy.